Mita 12 a Ƙarƙashin Tekun Indiya

Duk wanda ya tashi a Bauchi ya san cewa tarbiyyar da aka yi mana game da ruwa ba ta wuce umarni ɗaya ba, wato a nisance shi. Idan damina ta yi nisa kududdufai suka cika, babu abin da iyayenmu mata suke ja mana kunne a kansa kamar wankan kududdufi, kuma suna da hujja, domin da wuya damina ta wuce ba a ji labarin yaron da ruwa ya ci ba. Ɗan iyon da na iya, sai da na girma na koye shi a Wikki, maɓuɓɓugar nan ta dajin Yankari wadda ruwanta yake garai-garai, ɗuminsa kuma yake tsaye a digiri 31 rani da damina. Da wannan ɗan jari na isa gaɓar Tekun Indiya, har na yarda aka ɗaura mini tukunyar iska a baya aka sauke ni ƙarƙashin ruwa.

Taron ƙara wa juna sani ne ya kai mu Dar es Salaam, ni da wani abokin aikina mutumin Gombe. Da aka tashi daga taron muka ga muna da sauran kwana uku kafin jirginmu, sai muka shiga jirgin ruwan fasinja, tafiyar kimanin awa biyu, muka tsallaka zuwa Zanzibar, tsibirin kanumfari wanda ya haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami ƙasar Tanzaniya. Mun kwana ɗaya a tsohon birnin, washegari muka yi arewa maso gabas zuwa wani ƙauyen masunta mai suna Matemwe, inda daga bakin ruwa mutum yake hango ɗan tsibirin Mnemba. Abokin nawa ne ya kawo shawarar nutso. Ya girma a kusa da madatsar ruwan Dadin Kowa, a kan kogin Gongola, kuma tun a cikin jirgi yake cika mini baki cewa shi ɗan ruwa ne. Ya ce, "Malam, kai dai ka biyo ni, in ka ji tsoro ka riƙe ƙafata." Kuɗin da aka yanka mana ya haura dala 100 kowannenmu, kuma na daɗe ina juya lissafin a naira kafin na miƙa.

Malamin da aka haɗa mu da shi matashi ne, ɗan tsibirin, wanda mahaifinsa masunci ne. Da Turanci muka yi magana, amma duk lokacin da ya juya ga abokan aikinsa da Swahili sai in tsinci kalmomin da na sani, domin harsunanmu biyu sun sha daga Larabci. Haɗari a wurinsu hatari ne, labari habari ne, asuba kuma asubuhi. Kalmar da ya fi maimaita mana ita ce pole pole, wato sannu a hankali, kuma na ɗauka irin maganar da ake yi wa baƙi ce kawai, sai daga baya na gane cewa darasin ke nan gaba ɗaya. Kafin komai sai da muka cike takardar tambayoyin lafiya, inda aka tambaye mu batun asma, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon kunne, har da mura, domin wanda hancinsa ya toshe ba zai iya daidaita kunnensa a ƙarƙashin ruwa ba. Ga mutanenmu zan ƙara da cewa mai sikila kada ya kusanci wannan harka sai da izinin likita.

Daga nan ya baje mana kayan aiki a kan tabarma. Akwai rigar roba mai kama jiki, wadda na ɗora gajeren wando a kanta saboda ban saba fita gaban jama'a a haka ba. Akwai gilashin fuska mai rufe ido da hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da ɗamarar dalma wadda take taimaka wa mutum ya nutse, da wata falmaran da ake hura mata iska ko a sace ta da maɓalli, sannan ita kanta tukunyar. Na daɗe ina zaton oksijin ake ɗura wa masu nutso irin na asibiti, ashe ba haka ba ne. Iskar da muke shaƙa kullum ce, wadda kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, kashi 78 naitirojin, aka tace ta aka matse ta. Tukunya mai cin lita 12, idan aka cika ta har allurar agogonta ta kai 200, tana ɗauke da iskar da ta kai lita 2,400. Mutum ba zai iya shaƙar iska mai wannan ƙarfi kai tsaye ba, don haka akwai na'urar da take rage ƙarfin ta ba shi daidai da matsin ruwan da yake ciki, kuma ba ta sakin iskar sai ya zuƙa. Wasu Faransawa biyu ne, Jacques Cousteau wanda hafsan sojan ruwa ne, da injiniya Emile Gagnan, suka ƙera irin wannan na'ura a 1943, kuma ita ce ta raba mai nutso da doguwar mesar da a da take haɗa shi da jirgi. Da aka ɗora mini kayan duka na miƙe, nauyin ya kusa rabin buhun siminti.

Doka ta farko da ya kafa mana ita ce kada mu kuskura mu riƙe numfashi, ko da na ɗan lokaci ne. Wannan ta ba ni mamaki, domin duk nutson da na sani a duniya riƙe numfashi ne, daga na masuntan Argungu har na masu yasar rijiya. Ya ɗauko balan-balan ya yi mana bayani. Duk mita 10 da mutum ya sauka a cikin teku, ruwa yana ƙara masa matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, don haka a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Masuncin da ya cika huhunsa a sama ya nutsa, iskar tana tsukewa ne yayin da yake sauka, idan ya taso ta koma yadda take, babu abin da zai same shi. Amma wanda ya cika huhunsa daga tukunya a mita 10, ya ɗauki iskar da idan ya taso sama za ta ninka girmanta biyu, kuma idan ya toshe mata hanyar fita, huhun ne zai yage. Masanin nan Robert Boyle ya bayyana wannan alaƙa ta matsi da girman iska tun a 1662, kuma na tuna an koya mana ita a sakandare, na haddace ta na ci jarrabawa ba tare da na taɓa tunanin wata rana raina zai rataya a kanta ba.

Ya koya mana maganar hannu, tun da a ƙarƙashin ruwa baki a cike yake da abin zuƙar iska. Haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe yana nufin lafiya lau, girgiza tafin hannu yana nufin akwai matsala, ɗaga babban yatsa sama kuma, wanda mu muka saba yi idan abu ya yi kyau, a can yana nufin a tashi a koma sama. Muka shiga ruwa mara zurfi muka durƙusa a kan yashi, muka gwada cire abin baki mu mayar, da fitar da ruwa daga gilashi ta hanyar danne samansa a goshi a hura iska ta hanci. A nan gashin bakina ya fara ba ni kunya, domin roba ba ta kama fata sosai a kan gashi, ruwa ya yi ta tsiyayo mini. Malamin ya shafa mini ɗan man shafawa a kai, ya kuma nuna mini yadda ake tofa yawu a cikin gilashin a goge a ɗauraye don kada ya yi hazo, abin da na yi ina waige-waige.

Kwalekwale mai inji ya ɗauke mu zuwa Mnemba, tafiyar kamar rabin awa. Na karanta "Bismillahi majreha wa mursaha" a hankali, sai na ji matuƙin ma yana karantawa, hankalina ya ɗan kwanta. Shi tsibirin ba a sauka a kansa, domin masauki ne na masu kuɗi, sai dai a tsaya a ruwan da ke kewaye da shi. A hanya na tuna karatun zaure, inda malaminmu ya karantar da mu hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, mu yara kusan ashirin a zaure ɗaya babu wanda ya taɓa ganin teku, har shi malamin. Ranar ce na fara ɗanɗana wannan ruwa, kuma gishirinsa ya wuce duk yadda nake zato, har ɗaci-ɗaci yake yi.

Shiga ruwan ma wani abu ne. Mutum yana zama a gefen kwalekwale ya ba teku baya, ya dafe gilashi da abin baki da hannu ɗaya, sannan ya saki jiki ya faɗa ta baya. Abokina ya faɗa ba tare da jinkiri ba. Ni sai da aka ƙirga mini sau biyu.

Muka kama igiyar da aka ɗaure a ƙasa, muka sace iskar falmaran, ruwa ya rufe kaina. Ban kai mita 3 ba na ji kamar ana soka mini tsinke a kunnen hagu. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga Jos zuwa Bauchi ta Panshanu ya san yadda kunne yake toshewa har sai mutum ya haɗiyi yawu, to wannan ya ninka shi sau da yawa, domin ruwa ne yake danna dodon kunne ciki alhali iskar da ke bayansa ta tsuke. Na girgiza hannu na nuna kunnen. Malamin ya ɗago ni kaɗan, ya nuna mini in toshe hanci in hura a hankali, sai na ji wani ɗan ƙara a ciki, zafin ya ɗauke nan take. Daga nan na riƙa yin haka kusan kowace mita, tun kafin in ji zafi.

Abin da nake so in tsaya a kansa ya faru ne a wajen mita 7. Na ɗaga kai na dubi sama, na ga ƙasan kwalekwalenmu ya zama ɗan ƙarami a can nesa, kuma a daidai lokacin ruwa ya sake shigo mini ta gefen gashin baki ya cika mini hanci. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Duk jikina ya ba ni umarni guda biyu, in riƙe numfashi, kuma in yi sama da gudu, wato ainihin abubuwa biyun da aka ce su ne suke kashe mutum. Na saki igiya na fara harba ƙafa. Malamin ya cafke gaban falmarana, ya matso da fuskarsa dab da tawa, ya nuna idanunsa da yatsu biyu, sannan ya riƙa kai tafin hannunsa bakinsa yana janyewa a hankali, yana nuna mini yadda zan ja numfashi in saki. Na bi hannun nasa. Na ja, na saki, na ji kumfa tana wuce kunnuwana, na sake ja, kuma iska ta zo kamar yadda ta zo a farko. A numfashi na biyar ko na shida na gane cewa ruwan da ke hancina ba shi da hanyar shiga cikina muddin da baki nake shaƙa. Na danne saman gilashin na hura ta hanci, ruwan ya fita. Ya yi mini alamar zobe, na daɗe ina dubansa kafin na mayar masa.

Na yi ta tunanin wannan ɗan lokaci tun da na dawo. Mu da muka tashi a tudu, duk wata dabarar tsira da muka gada ta ginu ne a kan sauri da ƙarfi, in ka ga maciji ka yi tsalle, in gobara ta tashi ka fita da gudu. A ƙarƙashin ruwa wannan gado ba ya amfani, illa ma yake yi. Jarumta ba ta cece ni ba, domin ba ni da ita a lokacin. Na dai yarda da wani yaro da na girme wa da kusan shekara ashirin, na bi hannunsa.

Da muka isa ƙasa, agogon da ke hannunsa ya nuna mita 12, wadda ita ce iyakar da ake kai ɗan koyo a ranar farko. Mai takardar shaidar matakin farko yana kai mita 18, masu nutson nishaɗi kuma ba sa wuce 40. Ya ɗan ƙara iska a falmarana, sai na ji nauyin nan na rabin buhun siminti ya ɓace, ina rataye tsakanin yashi da sama babu abin da na taka. Idan na cika huhu sai in ɗan tashi, idan na saki sai in ɗan sauka, kamar ƙirjina ne linzami.

Sannan na ga murjani. Kalmar na san ta tun ina ƙarami daga Suratur Rahman, inda aka ambaci lu'ulu'u da murjani suna fitowa daga teku, kuma na san jan murjanin da kakata take ɗaurawa a wuya, don haka a zatona wani irin dutse ne. Ashe halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne dubbai suke zaune wuri ɗaya, kowace tana gina wa kanta gida na farar ƙasa mai tauri, 'ya'ya su yi gini a kan na iyaye, har a sami tudu. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. Shi jan da ake yin tsakiya da shi wani jinsi ne dabam, wanda aka fi samu a Bahar Rum. A can ƙasa ma ja ba ya fitowa ja, domin ruwa yana shanye jan haske tun daga 'yan mitocin farko, komai sai ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Malamin ya haska wani murjani da tocila, abin da nake gani ruwan ƙasa ya zama ja wur, ya kashe tocilar ya koma yadda yake.

Kifayen ba su damu da mu ba ko kaɗan, kuma gilashi yana sa su ƙara girma a ido da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wani garke na masu ratsin rawaya ya buɗe mana hanya ya sake rufewa a bayanmu. Akwai wani kifi mai baki kamar na aku, wanda yake kankarar murjani har ina jin ƙarar haƙoransa, kuma daga baya aka gaya mini abin da ya niƙa yana fitar da shi ne a matsayin farin yashi, irin wanda muka taka a bakin ruwa. Na ɗauka ƙarƙashin teku shiru ne, amma akwai wani ƙas-ƙas da ba ya yankewa, kamar ana suya a ɗaki na kusa, kuma mutum ba ya iya gane ta ina ƙara take fitowa, saboda sauti yana gudu a ruwa fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Kusa da ƙarshe wata ƙatuwar kififiya ta taso daga bayan wani tudu, ta wuce mu tana kaɗa hannuwanta ba tare da gaggawa ba. Abokina ya manta, ya ɗaga mata babban yatsa, mataimakin malamin ya zaci sama yake nema ya kama shi zai tashi da shi, sai da ya yi ta yin zobe da hannu biyu.

Ba duka ne mai kyau ba. Mun wuce wurare masu faɗi inda murjanin ya mutu ya karairaye, ya yi toka-toka kamar kufai. Idan ruwan teku ya yi ɗumi fiye da kima, murjani yana korar ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya yi fari fat, idan zafin ya daɗe kuma ya mutu, kuma hakan ya faru sosai a wannan yanki na Tekun Indiya a 1998 da 2016. Amma ban ɗora wa zafi laifin duka ba. Na ƙirga kwalekwale sama da goma a wurin da muka tsaya, na kuma ga wani baƙo ya taka murjani da takalminsa don a ɗauke shi hoto. A ganina mutanen da ake kaiwa wurin a rana ɗaya sun yi yawa, kuma ni ma ina cikinsu.

Bayan kimanin minti 35 malamin ya duba agogunan iskarmu ya ɗaga babban yatsa. Tashin ma a hankali ake yin sa, kuma a mita 5 muka tsaya riƙe da igiya na minti 3. Dalili shi ne naitirojin da mutum ya shaƙa a ƙarƙashin matsi yana narkewa a jini da tsoka, idan aka taso da sauri sai ya yi kumfa a cikin jiki kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe, ya kawo ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har shanyewar jiki. Saboda wannan dalili ne aka hana mu hawa jirgin sama sai bayan awa 12 aƙalla, wanda ya yi nutso fiye da ɗaya kuma sai bayan 18.

A kan tsanin kwalekwale nauyin kayan ya dawo mini gaba ɗaya, har gwiwoyina suna rawa. Aka ba mu kankana da abarba don kashe gishirin baki, malamin ya jera tukwanen uku ya nuna mana agogunansu. Tasa ta sauka daga 200 zuwa 130. Tawa tana kan 70. Ta ɗan ruwan Dadin Kowa ta kai 50, wato daidai jan layin da ba a so a wuce, domin ya yi ta iyo da hannu da ƙafa kamar yana tsallake Gongola, ƙarfin da ya kashe kuma da iska ya biya shi. Na ce masa, "Mutumin Gombe, ashe da na riƙe ƙafarka da tuni mun dawo." Ya ce tukunyarsa ce take yoyo.

Ban gaya wa mahaifiyata Hajiya zan yi wannan abu ba, don na san amsar da zan samu. Sai da na dawo Bauchi na je gaishe ta da tsarabar kanumfari, sannan na miƙa mata waya ta kalli ɗan bidiyon da aka ɗauke mu. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, kuma ba ta nuna damuwa da ni a gaban mutane. Ta kalla har ƙarshe, ta sa ƙanwata ta mayar mata farko, ta tambayi wanne ne a cikin ukun, aka nuna mata. Ta daɗe tana duban wurin da kififiyar ta wuce. Sannan ta ajiye wayar a kan darduma, ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki gaya wa wannan kada ya nuna wa yaran, damina tana tafe."